Labarin Zaɓen Ya Riga Ni Isa Illo

Masu karatu, sannunku da jimirin bibiya. Na ga saƙonninku. Wata ta rubuto wai tsohuwa tana jan rai da yawa, in faɗa mata kai tsaye ko na auri Bunyaminu ko ban aure shi ba, ta huta. 'Yata, yi haƙuri. Ni da abin ya faru a kaina ma ba a rana ɗaya na sani ba.

Ga waɗanda yau suka fara zama da mu: sunana Batulu, 'yar Malam Namadi mai fataucin busasshen kifi a Illo, can bakin iyakar ƙasar da a lokacin muke kira Dahome. A shekarar 1965 Nijeriya tana da shekara biyar da samun 'yancin kai, ni kuma ina ƙare shekarata ta farko a jami'a a Zariya. Mata 'yan Arewa da ke wurin, tabarma ɗaya ta ishe mu zama. Bunyaminu auta ne ga Gwaggona Ruƙayyatu, yayar Baba da ke aure a Bahindi. Taubashina ne, yana gabana da shekara ɗaya, yana karatun shari'a, kuma an riga an kai goron neman aurena. Ba wanda ya tilasta ni. Tun yana zuwa gidanmu hutu da gajeren wando yana ja mini kitso nake son sa, ban dai san sunan abin ba a lokacin.

Ƙarshen zango a jami'a wata irin kasuwa ce. Ranar da aka ajiye alƙalamin jarrabawar ƙarshe, samarin da suka daɗe ba su ga wanzami ba suka yi layi wurin aski. Aka buga wasan ƙwallo na ƙarshe tsakanin gidajen kwanan maza, mai tsaron ragar da aka ci ya zauna a tsakiyar fili yana kuka kamar an yi masa rasuwa. Mai hoto ya zo daga Sabon Gari ya kafa akwatinsa a gindin mangwaro, kowa yana aron littafin da ya fi kauri ya rungume a ɗauke shi. An yi liyafar bankwana da wuƙa da cokali mai yatsu, inda cinyar kaza ta tsere wa wani ɗan Katsina daga faranti ta sauka a jikin matar wani malami Bature. Har muka bar makaranta ana kiran sa Mai Kaza. Da aka kafa sakamako a allon sanarwa, ƙawata Saratu, 'yar Yawuri da muke ɗaki ɗaya, ita ta kutsa cikin maza ta dubo mana. Na ci darussana duka, a tarihi ma ni ce ta biyu.

Abu na ƙarshe da ya rage shi ne taron Ƙungiyar Ɗaliban Lardinmu. Duk ɗan lardin Sakkwato da ke karatu a Zariya yana ciki, har da na makarantar noma da masu koyon aikin mulki. A wannan taron ake zaɓen sabon shugaba, a kuma tsara darasin hutu, wato mu watsu garuruwa mu koya wa yara karatu kyauta kafin a dawo. Kowa ya san Bunyaminu ne zai zama shugaba. Ni kaina na sa atamfata mai ruwan ganye da farin mayafin da Inna ta sayo mini a kasuwar Dahome, don in tafa masa cikin kyan gani.

Ya miƙe cikin farar riga 'yar shara, alƙalami biyu a aljihu, ya karanto tsarinsa. Darasin hutu a Sakkwato, da Gusau, da Birnin Kebbi, don samarin da za su zauna jarrabawar shiga sakandare. Aka tafa. Ni kuwa sai na ga hannuna a sama.

"Malam Bunyaminu, garuruwan bakin kogi fa? Illo, da Kaoje, da Kamba? Kuma ban ji an ambaci yara mata ba."

Ya yi murmushin nan nasa da ke kashe mini jiki, ya juya ga jama'a. "Ku yi wa taubashiyata uzuri. Kewar gida ke damun ta, ta ƙosa ta je ta ci kifi."

Ɗakin ya ɗauki dariya. Har da buga tebur. Wani daga baya ya ce, "A kai ta gida, ango."

Ku da kuke karantawa, wataƙila ku ce ai wasan taubasai ne. Haka ne. A tsakar gidanmu ya faɗa mini abin da ya fi wannan, na rama da wanda ya fi nasa. Amma a nan ba taubashiyarsa ce ta ɗaga hannu ba. Ɗaliba ce da ta yi tafiyar kwanaki daga bakin iyaka, ta yi tambaya, aka amsa mata da kifi. Na zauna, kunnuwana suna zafi.

Da aka zo zaɓe aka ce ko akwai mai tsayar da wani, Saratu ta miƙe ba ta ko dube ni ba. "Na tsayar da Batulu Namadi."

Na ja gefen zaninta. "Saratu, kin haukace?"

"In kin ƙi, ki tashi ki faɗa da bakinki," ta ce a hankali.

Mai jagorantar taron ya tambaye ni ko na amince. Na dubi Bunyaminu. Da ya sunkuyar da kai, ko ya yi mini alamar ban haƙuri da ido, wallahi da na janye. Sai na ga har yanzu yana murmushi, irin na wanda yake jira yaro ya gama rigima. Na ce na amince.

Ya yi jawabinsa da Turanci mai daɗi, ba zan rage masa ba. Ni da na tashi, Turancin ya gudu, sai Hausar gidanmu ta fito. Na ce birni yana da malamai ko mun je ko ba mu je ba. Na ce duk wanda ya fito daga ƙauyen da mota ba ta zuwa sai ranar kasuwa ya san yadda aka yi ya iso nan. Sannan na ce, "Wanda a garinsu akwai yarinya mace da ta wuce aji huɗu, ya ɗaga hannu." Hannuwa ƙalilan suka tashi, duk na 'yan birni. Sauran suka shiga kallon juna. Na zauna, don ba ni da sauran magana.

Aka rubuta sunaye a 'yan takardu aka zuba a hular wani, aka ƙirga a gaban kowa. 'Yan ƙauye sun fi 'yan birni yawa, abin da ba wanda ya taɓa lura da shi ke nan. Da ƙyar na wuce shi, amma na wuce shi.

Ya tako har gabana. Murmushin ya tafi.

"Barka da arziki, shugaba."

"Malam, tsaya mu yi magana."

"Ai an gama magana," ya ce, ya fita.

Washegari na aika a kira shi aka ce ya bi jirgin ƙasan safe. Mutumin da kullum shi ke ɗaukar mini akwati har tasha. Na shiga ɗaki na yi kukana, Saratu tana ninke mini kaya tana cewa in na gama in tashi, akwai alluna da alli da za mu karɓo. Kwanakin da suka biyo baya na yi su ina raba wa 'yan ƙungiya garuruwa. Biranen nan uku ban cire su ba, na dai ƙara garuruwan kogi a kai. Sunan Bunyaminu na sa shi a Birnin Kebbi, inda ya so. Kaina na sa a Illo.

Tafiya gida a wancan zamani sai mai haƙuri. Jirgin ƙasa zuwa Gusau, mota zuwa Sakkwato, wata zuwa Jega, sannan babbar motar Ɗanliti, direban da shi kaɗai ke bin hanyar Bagudo har bakin kogin Kwara. Yana ganina da buhun alluna ya saki baki.

"Ke ta ɗiyar Namadi? Ke kinka kada ɗan Bahindi?"

"Wa ya hwaɗa maka?"

"Ni niɗ ɗauko shi satin da yaw wuce, da abokanai. Su suna ta labari, shi ko uffan. Ko gyaɗa bai saya ba har munka iso."

Ashe Ɗanliti ya sauke labarin a kowace tasha tare da buhunan gishiri. Kun san kuma a ƙasarmu in an ce wane ya kada wane, kokawa ake nufi. A cikin jirgin fito na zauna kusa da wasu mata masu tallan man shanu, na ja mayafi na rufe rabin fuska, ina jin su.

"Wai gaban Turawa tac ciccibe shi tak kai ƙasa."

"Ɗiyar Hamsatu? Wagga 'yar siririya?"

"Abincin makaranta na. An ce ƙwai sukai ta ba su."

Wata tsohuwa ta sa baki da Dandanci, ta ce ita ta ji an naɗa yarinyar sarautar makarantar gaba ɗaya, har an ba ta mota. Na cije mayafi don kada dariya ta tona ni. Amma da muka doshi gaɓa dariyar ta tafi. In labarin ya kai haka a kogi, me ya zama a Bahindi?

Innata Hamsatu na tarar a bakin murhu. Ni ce 'yar farinta, don haka ba ta kama sunana, ba ta kuma nuna murna a gaban mutane. Ta dube ni sama da ƙasa, ta ce na rame, ta miƙo mini ƙwaryar fura. Amma na ga gashin zakara a bayan ɗaki, kuma tukunyar tuwon shinkafa ce babba a wuta, wadda ba a saukowa da ita sai da salla.

Ta rage murya. "Gwaggonki na ɗakin baƙi. Tun shekaranjiya taz zo. Ki iya bakinki."

Bayan la'asar Baba ya sa aka shimfiɗa tabarma a ƙarƙashin rumfar tsakar gida. Gwaggo ta fito cikin baƙin saƙi, carbi a hannu. Sunan mahaifiyarsu aka sa mini, shi ya sa Baba ke ce mini Uwata, Gwaggo kuma Mai-sunan-Inna. Ko faɗa za ta yi mini sai ta bi ta kan wannan sunan, abin yana rage mata kaifi. Ranar bai rage ba.

Na durƙusa na gaishe ta. Ta amsa a taƙaice.

"Mai-sunan-Inna, mi Auta yay yi maki?"

"Bai yi mani komai ba, Gwaggo."

"To don mi kinka tozarta shi? Yaro ya dawo ba shi ci, ba shi hita. In ya bi ta kasuwa yara na ce mai mijin shugaba. Ke ba ki san namiji ba. Yana haƙuri da yunwa, ba shi haƙuri da dariya. Auren da anka hwara da yi ma miji dariya, ina za shi?"

Maganarta ta shige ni, don ba ƙarya ta yi ba. Na ce, "Gwaggo, ni ma dariya anka yi mani. Shi yas sa anka yi ta."

"Wasan taubasai na."

"Gaban maza cike da ɗaki, Gwaggo."

Ta juya ga Baba kamar ban yi magana ba. "Namadi, abu guda niz zo da shi. In an koma ta tara su, ta ce ta bar mai kujerar. In ba haka ba, ni ba ni kai kaya gidan da za a riƙa nuna ɗana da baki."

Baba ya daɗe yana murza gemu. Shi bai yi boko ba, amma shi ya tsaya a gaban dangi ya ce sai na yi, lokacin da kowa ke cewa ya sayar da ni ga Nasara.

"Uwata, kin zage shi?"

"A'a, Baba."

"Kin yi ma wani alkawalin wani abu don shi zaɓe ki?"

"A'a."

"Da ido biyu sunka zaɓe ki, suna ganin shi tsaye?"

"I, Baba."

Ya gyaɗa kai. "Yaya, kin ji. Abin ga ba nata na ba, balle ta yi kyauta da shi. Amanar mutane ta. In na ce ta aje, na koya mata cin amana, kuma wanda za ta hwara ci ma ita gaba, ɗanki na."

Gwaggo ta zuba masa ido. "Ni nig goye ka, Namadi. Da Inna tar rasu, ni nit tauna nib ba ka."

Na ga maganar ta soki Baba. Muryarsa ta sauka. "Ban manta ba, Yaya, ba ni kuma mantawa. Amma Auta ya yi gemu. In shi ka son ta aje, shi zo shi hwaɗa mani da bakinai."

Gwaggo ba ta ci tuwon ba. Da sassafe ta sa aka kai ta bakin kogi. Baba ya raka ta har jirgi yana ɗauke da ƙunshinta, ya dawo. Da azahar sai ya ce mini, "Ina za ki aje ɗiyan naki?"

Shi ya je ya gaida hakimi ya nemo izini. Shi ya sa aka kwashe sauran kifin da ke ɗakin ajiyarsa na bakin kasuwa, aka share, aka yayyafa ruwa. Warin kifin dai bai fita ba, har yau in na ji ƙamshin busasshen kifi sai in tuna baƙaƙe da wasula. Na shafa wa bango baƙin gawayi da ƙaro ya zama allo.

Na zaci zan yi ta bi gida-gida ina roƙo. Ashe labarin kokawa ya yi mini aiki. Ranar farko mata suka cika ƙofa don su ga yarinyar da ta kada namiji, kowace da 'yarta a gaba. Da suka ga ba ni da ƙwanji sai suka ɗan ji haushi, amma yaran sun riga sun zauna. Akwai 'yan Hausawa, akwai 'yan Dandawa, akwai wasu 'yan Fulani biyu da ke ajiye ƙwaryar nono a bakin ƙofa su shigo, in an yi ciniki su fita su dawo. Har wata mata daga tsallaken iyaka ta kawo tata, ta ce a can da Faransanci ake yi, ita kuwa tana son wanda za a karanta a gane. Ranar da wata ƙaramar yarinya mai suna Mariyamu ta rubuta sunanta da kanta, ta ɗaga allon ta fita da gudu cikin kasuwa tana nuna wa duk wanda ta gamu da shi, na juya ga bango na yi kamar ina gyara rubutu.

Da rana ina alfahari. In na koma gida kuma sai in kasa kunne ko zan ji ƙararrawar keken Bunyaminu. Sati biyu shiru.

Ranar wata kasuwa, muna tsakiyar "ba, be, bi", yaran suka daina amsawa. Na waiwaya. Bunyaminu ne tsaye a bakin ƙofa riƙe da keke, ƙafar wandonsa duk laka. Ya rame. Na ce wa yaran su kwafe abin da ke bango, na fita muka tsaya a gindin tsamiya, idanu kamar ashirin suna leƙen mu ta taga.

"An ce kin ɗaga ni sama kin buga da ƙasa," ya ce.

"An ce har mota anka ba ni."

Ya kusa yin dariya. Ya dubi ƙasa. "Ban aiko Innata ba. Sai da tad dawo nij ji."

"Na sani."

"Maganar kifin nan, ban kyauta ba. Tun a ɗakin nig gane, girman kai yah hana ni. Da wani yay yi maki ita, da mun yi hwaɗa da shi."

Na kau da fuska don kada ɗalibaina su ga hawayena. Ya leƙa ɗakin ya daɗe yana duban yaran da allunansu.

"Duk waɗanga?"

"Wasu sun tai tallan nono, suna dawowa."

"Kin yi gaskiya, Batulu," ya ce. Kalma uku da sunana. Na riƙe su har yau.

Da a nan ya tsaya, da na ce muku ranar ta fi kowace daɗi. Sai ya ce akwai wani labarin ƙarshen zango da ban ji ba. Da yammacin ranar zaɓe shugaban sashensu ya kira shi ofis. An zaɓe shi cikin waɗanda za a tura Ingila su ƙarasa karatun lauya. Shekara uku. Jirgin ruwa zai tashi daga Ikko kafin a koma makaranta.

"Kin ga ko da nic ci, ba ni riƙe kujerar," ya ce. "Na so in hwaɗa maki, haushi yas sa nit taho."

Na yi masa murna da gaske, har na manta na tafa hannu. Sai na ga bai saki fuska ba.

"An yarda mai mata shi tai da matatai. Ina son a ɗaura kahin in tashi, mu tai tare. Na riga na biya wurin Kawu, yana zaure yana jiran mu."

Na sallami yaran da wuri. Daga bakin kasuwa zuwa gidanmu ba nisa, amma ranar na ji tsawon hanyar. Ingila. Ni da ko Ikko ban taɓa gani ba. Ga mutumin da nake so yana tura keke a gefena, ya zo da ban haƙuri da kansa, yana neman ya tafi da ni inda 'yan mata ke mafarki. Ga kuma shekara biyu da suka rage mini, da mutanen da suka rubuta sunana suka jefa a hula, da Mariyamu da ba ta kai ga haɗa jimla ba.

Baba yana zaune a kan buzu. Muka durƙusa.

"Uwata, kin ji abin da yaz zo da shi. Ni ba ni ce maki tai, ba ni ce maki zauna. In kin tai, da mijinki kinka tai, ba abin kunya. Mi kinka gani?"

Na dubi tabarma. A zamaninmu yarinya ba ta amsa irin wannan tambaya, sai ta rufe fuska a ce ta yarda. Na ji muryata tana fita, siririya amma ba ta rawa.

"Baba, ina son shi. Ban taɓa son wani ba. Amma in na bi shi yanzu, ya dawo lauya, ni in dawo wadda tat taɓa shiga jami'a. Ina son in ƙare. In yana iya jira, ni ina jiran shi, ko shekara nawa ta."

Baba ya share ido da bakin rawaninsa, ya yi kamar ƙura ce. Ya juya ga Bunyaminu.

"Auta, ka ji. Kana iyawa?"

Bunyaminu ya sunkuyar da kai. Na san abin da ke ransa: sanyi, da kaɗaici, da mutanen Bahindi da za su ce ta sake kada shi.

"Kawu, a ba ni zuwa kasuwa mai zuwa."

"An ba ka," in ji Baba.

Satin nan ban san yadda na koyar ba. Na rubuta harafi a juye, yara suka gyara mini. Inna kuwa kullum sai in tarar ta ajiye mini tsokar da ta fi kyau a ƙasan tuwo.

Ranar kasuwa na sa atamfar da na fi so, na shafa kwalli, na tafi aji. Duk ƙararrawar da ta kaɗa a waje sai in waiwaya ƙofa. Hantsi ya yi, sai inuwa ta rufe ƙofa. Na ɗaga kai.

Gwaggo ce. Ba Bunyaminu a tare da ita. Hannunta na dama riƙe da wata yarinya, na hagu da wata, jikokinta ne 'ya'yan babban ɗanta, an yi musu sabon kitso, kowace da ƙunshin kayanta a ka. Na zube na gaishe ta. Ta bi ɗakin da kallo, ta ɗan toshe hanci.

"Nan kike karatun, cikin warin kihi?"

"Nan na, Gwaggo."

Ta tura yaran gaba. "Ga Sakinatu, ga Khadijatu. Gidan Namadi za su zauna har ki koma. Auta za shi ƙasar Turawa, an ce takarda za shi riƙa aikowa. Ba ni son malamin kasuwa shi riƙa karanta mani maganar ɗana, gari duk shi ji kahin ni. Ki koya masu. Kahin shi tashi su iya."

"In Allah ya so suna iyawa, Gwaggo."

"Ba don ke niy yi ba."

"Na sani, Gwaggo."

Na zaunar da su a gaba, na ba kowace allo. Alli ya kuɓuce mini ya faɗi ya karye. Gwaggo ba ta tafi ba. Ta jawo wani tsohon kwandon kifi ta kife, ta zauna a kai a bakin ƙofa, ta gyara carbinta. Na kasa daurewa, na matsa kusa da ita.

"Gwaggo, shi hwa? Mi yac ce?"

Ta dube ni, a karo na farko tun dawowata ba da fushi ba.

"Yana tahe bayan la'asar. Na tambaye shi har na gaji, ya ce ke za ki hwara ji." Ta nuna bango da haɓa. "Koma ga aikinki, Mai-sunan-Inna. Wanga mai kama da ƙugiya, mi sunanai?"